YADDA AKE CIRE BOL DA YA KARYE A MATSATTSEN WURI A ƘARƘASHIN MOTAR GONA

Gabatarwa

Manomin da ke da akori-kura ko tirelar tarakta a Bauchi da kewayenta ya san cewa aikin gona bai tsaya a kan kunya kaɗai ba. Taki sai an ɗauko shi daga gari an kai shi gona, amfanin gona kuma sai an kawo shi kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti kafin ya zama kuɗi. Duk wannan nauyi a kan sifirin da shokozoba yake sauka, su kuwa 'yan bola-bolai ne ke riƙe da su a jikin shasi, waɗanda kaurinsu bai wuce na ɗan yatsa ba. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya karye, guntunsa ya maƙale a rami a inda hannu ma da ƙyar yake shiga, ranar mota ta tsaya.

Tsayuwar mota a cikin damina hasara ce da ake iya lissafawa. Masara tana buƙatar takin NPK tun daga shuka zuwa mako 2, sannan a ba ta yuriya tsakanin mako 4 zuwa 6. Idan mako guda ya tafi wajen jiran gyara, lokacin zuba takin ya wuce, kuma masara ba ta jira. Tumatir ɗin rani da aka riga aka tsinka aka zuba a kwando kwana biyu ya ishe shi ya fara zubar da ruwa. Saboda haka wannan darasi zai nuna maka yadda ake cire irin wannan guntu ba tare da an lalata ramin ba. Ko da ba kai za ka yi aikin da hannunka ba, sanin matakan zai ba ka damar tsayawa a kan makanike ka ce masa ya dakata idan ya ɗauko hanyar da za ta ɓata aikin.

Abin da ke karya bol

Dalili na farko tsatsa ce, kuma a motar manomi tsatsa tana da abokin aiki, wato takin zamani. Yuriya da NPK suna jawo danshi daga iska, NPK kuwa yawanci yana ɗauke da gishirin fotash mai cin ƙarfe. Buhu ɗaya ya fashe a bayan mota, ruwan watan Agusta ya sauka a kansa, ruwan takin ya bi ta ramukan bodi ya riƙa ɗiga a kan maratayan sifirin. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka idan ta kama zaren bol, wato layukan nan da noti ke bi waɗanda makanikai ke kira tiredi, sai ta cika ɗan sararin da ke tsakani ta ɗaure su tamau.

Na biyu shi ne lodi fiye da kima. Tsofaffin akori-kura irin su Peugeot 404 da 504 da kamfanin Kaduna ya riƙa haɗawa bayan buɗe shi a 1975, da Toyota Hilux, an ƙera su ne domin nauyin da bai wuce tan ɗaya ba da yawa. Tan ɗaya kuwa buhu 20 ne na taki mai kilo 50, ko buhu 10 na masara mai kilo 100. Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Dass ko ta Ningi a lokacin kaka ya ga abin da ake ɗora musu. Kowane rami da motar ta faɗa da irin wannan kaya yana lanƙwasa bol ɗin kaɗan ya sake shi, har wata 'yar tsaga ta fara a gindin zaren ta riƙa ci a hankali.

Na uku hannun mutum ne. Bol mai kaurin milimita 12 mai lamba 8.8 ana ɗaure shi da ƙarfin da ya yi daidai da rataya nauyin kilo 8 da rabi a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya, ko kuma kimanin kilo 28 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 30. To, idan yaron gareji mai nauyin kilo 60 ya zura bututu mai mita ɗaya a sifana ya hau kansa, ya ba bol ɗin ninki bakwai na abin da ya kamata. Yawancin bol ɗin da ke karyewa a gareji ta haka suke karyewa, ko wajen ɗaurewa ko wajen kwancewa.

Kafin ka yar da kan bol ɗin da ya karye, ka dubi fuskar karayar da kyau, domin tana gaya maka irin aikin da ke gabanka. Idan wani ɓangare nata santsi ne kuma ya yi duhu ko tsatsa kamar jinjirin wata, sauran kuma sabon ƙarfe ne mai ƙyalli, to gajiya ce ta karya shi a kan hanya. Irin wannan guntu sau da yawa ba a ɗaure yake sosai ba, domin da zarar kai ya fita babu abin da ke jan zaren, kuma yakan fito da sauƙi. Idan kuwa fuskar duka sabuwa ce kuma tana da alamar murɗawa, to wajen kwancewa ya karye saboda tsatsa ta kama shi. Wannan shi ne mai wuya. Ƙarfin da ya murɗe kansa bai motsa shi ba, don haka kada ka yi zaton ƙaramin abu zai motsa shi.

Tsaron rai kafin a shiga ƙarƙashi

A sauke kaya tukuna, ko da buhu biyu ne suka rage. A kai motar wuri mai tauri kuma mai daidaito, a sa giya, a ja burkin hannu, a sa duwatsu ko katako gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa. Jak aikinsa ɗagawa ne kawai. Bayan an ɗaga, a tokare shasi da ƙafafun ƙarfe ko guntayen katako masu kauri na itace mai tauri irin su ƙirya ko maɗaci, a shimfiɗa su a kwance. Bulon siminti haramun ne a wannan aiki, domin yana rugujewa lokaci ɗaya ba tare da ya yi ƙara ba, kuma aikin da za a yi na bugu ne da girgiza. A gona, inda ƙasa ke da laushi, a shimfiɗa faffaɗan katako a ƙarƙashin jak da matokaran. A tura safaya ƙarƙashin shasi domin ƙarin kariya.

Sifirin yana riƙe da ƙarfi ko da mota tana tsaye. Bayan an tokare shasi, a sa jak a ƙarƙashin aksil a riƙa ɗagawa ko saukewa kaɗan-kaɗan har a sami inda sifirin ɗin ba ya jan bol ɗin sama, ba ya danna shi ƙasa. Sau da yawa abin da ake zaton tsatsa ce ta riƙe, nauyin sifirin ne. Idan motar mai sifirin murɗaɗɗe ce a gaba, kada a taɓa bol ɗin da ke riƙe da shi sai an matse shi da abin matse shi na musamman, domin idan ya kuɓuce yana iya karya haƙarƙarin mutum.

Samar da fili

Maganin matsattsen wuri shi ne a buɗe shi. Mutane suna ƙin wannan domin suna ganin ƙarin aiki ne, alhali minti 30 da za a ɗauka wajen cire taya, da shokozoba, da safaya, ko sassauta salansa a tura ta gefe, su ne ke hana aikin kwana uku. Abin da ake nema shi ne ido ya ga fuskar guntun, kuma kayan aiki su shige shi a miƙe. Inda ido bai kai ba a yi amfani da guntun madubi da tocila. Idan ramin yana jikin wani ƙarfe ne da ake iya kwancewa gaba ɗaya, kamar faranti ko maratayi mai bol, to a kwance shi a kai shi kan benci ko wurin masu injin sassaƙa ƙarfe a cikin gari. Aikin da aka yi a tsaye da haske ya fi wanda aka yi a kwance ƙasa tana zuba a ido.

Daga nan a kankare laka da tsatsa da burushin waya, a zuba mai. Akwai man fesawa irin su WD-40 a shagunan kayan mota. Inda babu, kananzir ko man dizal da aka gauraya da ɗan baƙin mai yana aiki. Makanikai da dama suna zuba man burki, kuma yana shiga, sai dai yana cinye fenti yana kuma kumbura wasu robobi, don haka a kiyaye inda yake ɗiga. Bayan an zuba, a ɗora kurfi a tsakiyar guntun a riƙa bugu da ƙaramar guduma, bugu mai yawa mara ƙarfi, domin girgizar ta farfasa tsatsar man ya sami hanya. A sake zubawa a bar shi. Idan da hali ya kwana. Mai ba ya shiga zare mai tsatsa a cikin minti biyar, kuma wannan jira shi ne mataki mafi arha a cikin aikin baki ɗaya.

Idan guntun ya leƙo waje

Wannan sa'a ce, kada a ɓata ta. Idan abin da ya leƙo ya kai faɗin noti biyu kuma zarensa da sauran kyau, a ɗaura noti biyu a matse su da juna, sannan a kama na cikin da sifana a juya hagu. Idan gajere ne, a goge ɓangarori biyu da magagari su yi faɗi domin filaya mai kulle ta sami wurin kamawa. Filaya ta gida ba ta da amfani a nan, zamewa za ta yi ta mayar da guntun kamar fensir.

Yadda ake juyawa ya fi ƙarfin juyawar muhimmanci. A fara gwada shi dama kaɗan kamar za a ƙara ɗaurewa, sannan hagu, a riƙa kai da komo. Da zarar ya motsa ko da kaurin gashi ne, a tsaya a zuba mai, a ci gaba da kai da komon, kowane zuwa yana ɗara na baya. Duk lokacin da ya yi tauri a koma baya. Wanda ya ji ya motsa ya ce bari ya ƙarasa da ƙarfi ɗaya shi ne ke karya shi karo na biyu, a wannan karon kuma daidai da bakin rami.

Zafi yana taimakawa ƙwarai idan wurin ya ba da dama. Masu gyaran jikin mota suna da wutar kabaid. Ƙarfen da ke kewaye da guntun ake gasawa domin ya buɗe, tsatsar ta saki. Amma a ƙarƙashin mota wuta tana da maƙwabta da yawa: tankin mai da bututunsa, da bututun burki, da wayoyi, da robar bushin. A goge man da aka zuba kafin a kunna, a kare abin da ke kusa da guntun kwano da jiƙaƙƙen buhun algarara, a ajiye bokitin yashi a gefe. Abu biyu ba a sa musu wuta ko kaɗan. Ganyen sifirin idan ya yi ja ya rasa taurinsa har abada. Shokozoba kuwa a rufe take da mai, wata da gas a ciki, tana iya fashewa.

Idan ya karye daidai da bakin rami

Ga guntun da gajiya ta karya, a gwada kurfi mai tsini. A kafa tsinin kusa da gefen guntun, a buga a miƙe ya yi ɗan gurbi, sannan a kwantar da kurfin a riƙa bugu ta yadda zai tura guntun ya juya hagu. Wannan hanya tana shiga inda diril ba ya shiga, kuma ba ta cin ko kwabo. A kula kada tsinin ya hau kan zaren ramin ya dagargaza shi.

Idan wannan bai yi ba, a kira mai walda. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da mu, domin babu unguwar da ba ta da mai walda a Bauchi, da yawansu kuma suna da janareto da za a iya ɗauka zuwa gona. Yadda ake yi: a sami washa mai kauri wadda raminta ya ɗan gaza kaurin guntun, a ɗora a kansa, a yi walda ta cikin ramin ta kama guntun sosai. Sannan a ɗora babban noti a kan washar a cika cikinsa da walda. Washar tana kare zaren ramin, tana kuma ba mai walda damar ganin inda yake ɗiga wuta, abin da ke da wuya idan noti aka fara ɗorawa a rami mai zurfi. Siririyar sandar walda mai milimita 2.5 ta fi shiga irin wannan wuri, ana kuma iya lanƙwasa ta ta bi kwana.

Amfanin walda biyu ne. Ta ba guntun sabon kai, zafinta kuma ya shiga jikinsa ya kumbura shi, idan ya huce ya koma ya saki tsatsar. Saboda haka kada a sa sifana yana ja. A bar shi ya huce har jan ya ɓace, a ɗiga mai, sannan a fara kai da komo. Idan notin ya ɓalle, ba a yi hasara ba. A sake ɗora wani. Sau da yawa a karo na biyu ko na uku yake fitowa, domin kowane zafi yana ƙara sassauta shi.

Kafin a kunna injin walda a cire kan batir, a fara da na maras wuta wanda ke haɗe da bodi. A maƙala wayar at ɗin injin a jikin ƙarfen da ake aiki a kansa, kusa da guntun. Idan aka maƙala ta a nesa, wutar tana iya bi ta cikin boris ta ƙona shi, a gyara bol a tashi da kukan taya bayan wata guda. A sababbin motoci masu kwamfuta wannan sakaci yana iya ƙona na'urar da kuɗinta ya fi na sifirin ɗin baki ɗaya. Haka kuma a guji noti mai farin shafe na tutiya, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi, ga shi a ƙarƙashin mota iska ba ta wadata ba.

Idan ya karye a can cikin rami

Nan ne ake buƙatar diril, nan ne kuma aka fi ɓata aiki. Komai ya dogara ga ramin farko: ya kasance a tsakiya, kuma a miƙe. Fuskar karaya ba ta da daidaito, bakin diril zai zame ya nufi gefe, ya ci zaren ramin wanda sau da yawa ya fi bol ɗin laushi. Don haka a fara buga gurbi a tsakiya da kurfi mai tsini, a duba da madubi, idan ya kauce a gyara shi kafin a ci gaba. Dabarar da ta fi wannan ita ce a sami wani bol irinsa a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su huda shi a tsakiya daga kai har ƙarshe, a ɗaura shi a sauran zaren da ya rage a bakin ramin. Shi zai zama jagora, bakin diril ya bi ta cikinsa ba zai kauce ba. Inda babu sauran zare, guntun bututu da ya cika ramin daidai yana yin wannan aiki.

A fara da siririn baki mai milimita 3 ko 4. A tafi a hankali, da dannawa mai ƙarfi da gudu kaɗan, ana ɗiga baƙin mai, ana fitar da bakin ana share garin ƙarfe. Gudu da yawa yana ƙona bakin, yana kuma taurara fuskar guntun har wani bakin ya kasa cinsa. Idan tsawon diril ya hana shi shiga, a nemi mai lanƙwasasshen kai, ko a gajarta bakin. Huda a karkace domin wurin ya matse daidai yake da ɓata ramin da gangan. A sa tabarau, domin wanda ke kwance garin ƙarfe a idonsa yake sauka.

Akwai bakin diril da ke ci ta hagu. Idan an same shi, kuma diril ɗin yana juyawa baya, shi ya fi, domin yana cikin huda sai ya kama guntun ya kwance shi.

Sai maganar abin da makanikai ke kira iziyawut, wani tsinken ƙarfe mai zaren hagu da ake murɗawa a cikin ramin da aka huda. Ina so a yi hattara da shi. Wata damina muna kai taki gonakin gwaji a kan hanyar Dass, bol ɗin ƙasan shokozoba na motarmu ya karye. Makaniken da muka samu ya huda ɗan siririn rami, ya sa ƙaramin iziyawut, ya kama shi da babbar sifana. Ya ce mini, “Hajiya, yanzu za ki ga ya fito.” Abin da na ji shi ne ƙas. Tsinken ya karye a ciki. Ƙarfensa ya kai na bakin diril tauri, don haka babu bakin da ya iya taɓa shi, aikin rabin yini ya koma na kwana huɗu, sai da aka kwance aksil ɗin aka kai gari. Yuriyar ta isa gona masara ta riga ta fara rawaya, kuma sakamakon gwajin wannan shekara bai yi mana amfani ba. Iziyawut na guntun da ba a ɗaure yake ba ne. Ga wanda tsatsa ta kama har kansa ya murɗe, siririn tsinke ba zai yi abin da cikakken bol ya kasa ba, ga shi kuma yana buɗa guntun ya ƙara matse shi a rami. Idan za a yi amfani da shi, a huda rami kimanin rabin kaurin guntun ko ɗan fiye, a juya da ƙaramin hannu, da zarar an ji yana murɗewa kamar igiya a tsaya.

Hanya mafi tabbas ita ce a ci gaba da faɗaɗa ramin mataki-mataki har ya rage ɓawon zare kawai. Ga bol mai milimita 8 a tsaya a baki mai 6.8; ga mai 10 a tsaya a 8.5; ga mai 12 a tsaya a 10.2. Wannan na zare mai faɗi ne. Motocin Japan suna yawan amfani da zare matsattse a ƙafafunsu, inda mai 10 ke tsayawa a 8.8, mai 12 kuma a 10.8. Idan ramin yana tsakiya, a wannan mataki za a ga zaren guntun ya fara ɓantarewa kamar waya, a ciro shi da tsinke. Sannan a bi ramin da taf mai irin zaren, da mai, ana juya rabin zagaye gaba a dawo kaɗan baya. Shi ma taf yana karyewa kamar iziyawut, ba a tilasta shi.

Idan zaren ramin ya riga ya lalace, akwai zaren waya da ake dasawa a ciki wanda ake kira Helicoil. Inda bayan ramin a buɗe yake kuma sifana tana kaiwa, ana iya huda shi ya zarce, a sa dogon bol da noti da washa mai kauri.

Bol ɗin da ya maƙale a cikin bushin

Dogon bol ɗin da ke ratsa idon sifirin yana da nasa hali. Ba a zare yake maƙalewa ba, tsatsa ce ke haɗe shi da ɗan bututun ƙarfen da ke tsakiyar robar bushin. Alamarsa ita ce idan an juya shi sai ya tafi ya dawo kamar danƙo, idan an buga shi kuma robar ta shanye bugun. Yawan bugu kunnuwan maratayi kawai zai buɗe. A zare ruwan zarton ƙarfe daga jikinsa, a naɗe gefe ɗaya da tsumma, a zura shi tsakanin kunnen maratayi da bushin a yanke bol ɗin ta ɓangarorin biyu. Aiki ne mai cin lokaci da gajiyar da hannu, amma sifirin zai sauko lafiya, a fitar da tsohon bushin a kan benci a sa sabo.

Sabon bol da ɗaure shi

A dubi kan tsohon bol ɗin, akwai lamba a jiki. Mai lamba 8.8 kowane murabba'in milimita nasa yana ɗaukar kimanin kilo 80 kafin ya tsinke, wato mai kaurin milimita 12 yana kaiwa kusan tan 6 da rabi. Mai 10.9 ya haura tan 8. Mai 4.6, ko wanda babu lamba a kansa irin na masu ƙera ƙofa, kimanin tan 3 ne da ɗan kai. A ido duk ɗaya suke, a ƙafar mota kuwa ba ɗaya ba ne. A sayi mai lamba irin ta tsohon, a tafi kasuwa da guntun ko notinsa domin a gwada zare.

Gwada zaren yana da muhimmanci a garin nan saboda injunanmu daga ƙasashe daban-daban suka zo. Taraktocin Steyr da aka riƙa haɗawa a masana'antar Bauchi, wadda aka kafa a shekarun 1970 da haɗin gwiwar kamfanin Ostiriya, awon milimita suke bi, haka ma Peugeot da Toyota. Tsofaffin Massey Ferguson ƙirar Ingila irin su 135 da 165 kuwa awon inci ne. Bol mai milimita 12 mai matsattsen zare yana shiga notin rabin inci har mutum ya ɗauka daidai ne, amma kamun bai cika ba, zai zame ranar da aka yi lodi. Bol ɗin da ya dace yana shiga da yatsu zagaye da dama kafin a sa sifana, kuma ba ya girgiɗi. A wasu manyan motoci notin tayar hagu zarensa na hagu ne, akan buga masa harafin L. An karya da yawa saboda rashin duba wannan.

A shafa giris a jikin bol inda yake ratsa bututun bushin. Idan an shafa a zare, a rage ƙarfin ɗauri, domin zare mai maiƙo yana jan bol fiye da busasshe. Bol ɗin da ke ratsa roba kada a ƙarasa ɗaure shi mota tana sama. A sauke ta ta zauna a kan tayoyinta tukuna, in ba haka ba robar za ta kasance a murɗe kullum ta yage da wuri. Yubol ɗin da ke haɗe sifirin da aksil idan an kwance shi gara a sa sabo, a ɗaura notinsa bi da bi, a sake bin su bayan lodi biyu ko uku na farko. Sakinsu ne ke sa santabol ya karye aksil ya goce, ka ga mota tana tafiya a karkace kamar kare.

Bol ɗaya ne wannan ƙa'ida ta neman mai ƙarfi ba ta hau kansa ba. A jikin wasu garemanin tarakta da injunan da tarakta ke juyawa akwai wanda aka sa domin ya karye idan garma ta ci karo da dutse ko kututture, kuma gonakin gindin duwatsun Bauchi ba su rasa ko ɗaya. Idan ya karye a fitar da guntun da kurfi a sa irinsa daidai. Wanda ya gaji da saye ya sa mai lamba 10.9, karo na gaba ƙafar garmar ce za ta lanƙwashe ko giyar injin ta fashe.

Bayan kowane jigilar taki a share bayan mota a wanke shi, a watsa ruwa a ƙarƙashi wajen maratayan sifirin. A watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka, a bi bola-bolan ƙafar mota da na tirela ɗaya bayan ɗaya da burushi da baƙin mai, wanda aka ga wuyansa ya sirance ko zarensa ya cinye a canza shi tun yana da kan da sifana za ta kama.